BILICIN DA CIMAR KANTI: MULKIN MALLAKAR DA YA KOMA KAN FATA DA CIKI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S), da iyalan gidansa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata musiba da ta shigo cikin al'ummar Musulmi ta yi kaka-gida, wato musibar shafe-shafen nan na sauya launin fata da ake kira bilicin. Duk lokacin da malami ya taɓo ta a wajen wa'azi, sai a ga samari suna murmushi suna waiwayen sashen mata, wai su maganar ba tasu ba ce. To lallai 'yan'uwa su sani maganar tasu ce tun daga tushe har reshe. Saurayi ne ya kafa wa wannan kasuwa rumfa, shi ke ciyar da ita, kuma a yau shi kansa ya fara tsugunawa a gabanta yana ciniki. Cutar da ta sa ya raina fatarsa, ita ce dai ta sa ya raina tukunyar gyatumarsa ya koma cimar leda da ta kwalba. Cuta ce guda mai ƙofa biyu, kuma sunanta raina kai.

DAGA INA CUTAR TA FARO?

Duk ɗan'uwa ya san labarin 1903, shekarar da sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato da yaƙi, har Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi tare da ɗimbin jama'arsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Bature bai zo da bindiga ita kaɗai ba, ya zo da kanti. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin sabulun Pears na Ingila ya riƙa buga wani hoton talla, inda aka nuna yaro baƙi a cikin bahon wanka, an cuɗe shi da sabulun, ya fito jikinsa fari fat yana ta murna. Karatun da ke cikin wannan hoto a fili yake: wai baƙar fata dauɗa ce, fara kuwa ita ce tsabta da wayewa.

Da me aka yi sabulun zamanin? Da manjan ƙasashen Afirka ta Yamma da makamantansa. Kamfanin Lever Brothers mai yin sabulu shi ne ya sayi Niger Company a 1920, daga nan kuma aka samu UAC a 1929. Jirgin ƙasa ya yi ta jidar dalar gyaɗar Kano zuwa bakin teku. An kwashi albarkar ƙasa da arha, an sarrafa ta a can, an dawo da ita a kwali da tsada, sannan aka haɗa wa mai saye da darasin cewa shi da abin da ya gada duk ba su kai ba. Bature ya sauke tutarsa a 1960, amma wannan darasi bai sauka daga zukata ba.

Kada wani ya ce ai wannan tsohon zance ne. Sabulu mai sinadarin zaiba, wanda aka hana sayarwa a Turai, an ci gaba da yin sa a wata masana'anta a ƙasar Ayilan ana turo shi Afirka har zuwa 2007. Abin da suka ga bai dace da fatar 'ya'yansu ba, shi suka ga ya dace da fatar 'ya'yan wasu. Haka nan man Fair & Lovely, wanda ya fito a Indiya a 1975, ya shekara 45 yana yawo da sunan da ke haɗa hasken fata da kyau, sai a 2020, bayan duniya ta yi ca a kan wariyar launi, aka sauya masa suna zuwa Glow & Lovely. Sun san abin da sunan yake faɗa tun farko, kunya ce kawai ba ta kama su ba sai da aka yi musu ihu.

Shi kuwa Musulunci ya daɗe da yanke wannan magana. Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin harsuna da launukan mutane cikin alamomin ikon Allah. Aya ta 119 a Suratun Nisa'i kuma ta sanya jirkita halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ya ɗauki alkawarin zai umurci mutane da su. A huɗubar ban kwana Manzon Allah (S) ya rushe duk wani fifiko na launi ko na ƙabila, ya bar taƙawa ita kaɗai a matsayin ma'auni. Sayyidina Bilal (RA), baƙin mutum ɗan asalin Habasha, shi ya hau Ka'aba ya kira salla ranar da aka buɗe Makka. To wai shin mai shafa mai don ya tsere wa launin Bilal, ina ya dosa?

ME KE CIKIN KWALBAR?

Allah (T) Ya sanya wani sinadari a fatar ɗan Adam wanda likitoci ke kira melanin. Shi ke ba fata launi, kuma shi ne garkuwarta daga ɓarnar hasken rana. Wanda ke zaune a ƙasar da rana ke dukan ƙeya wata da watanni, wannan garkuwa rahama ce a gare shi. Mai son gane haka ya dubi irin jarrabawar da bayin Allah zabiya ke sha, na ƙunar rana da ciwon dajin fata, saboda rashin wannan sinadari. Su jarrabawa ce daga Ubangiji, kuma suna da lada idan sun yi haƙuri. Mai bilicin kuwa da kuɗinsa yake sayen abin da zai kwance masa garkuwar.

Abubuwa uku ne suka fi yawa a irin waɗannan mayuka. Na farko shi ne haidirokwinon, wanda ke hana fata yin melanin. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001. Idan aka daɗe ana shafa shi, sai fatar ta juye ta yi wasu baƙaƙen tabo masu shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi da wuya, waɗanda ke da wuyar magani ƙwarai. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Na biyu su ne magungunan sitiroyid masu ƙarfi, irin waɗanda likita kan rubuta wa mai tsananin kirci ya shafa na 'yan kwanaki ya daina. Su ne ake matsawa a cikin man shafawa, a mulke jiki da su safe da yamma shekara da shekaru. Suna sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsattsage cinya da damtse, ƙuraje da makero da ƙyasbi su samu wurin zama, ciwo kuma ya ƙi warkewa. Likitocin tiyata sun san wahalar ɗinke irin wannan fata. Ba su tsaya a waje ba, suna ratsawa cikin jini su tayar da hawan jini da ciwon sukari. Ranar da mai shafawa ya ce zai daina, sai fatar ta yi masa bore da ƙaiƙayi da zafi da ƙuraje, ya koma da gudu. Wannan shi ne sirrin cinikin: an mai da mai saye bawan kwalba.

Na uku ita ce zaiba, guba mai lalata ƙoda da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Tana bi ta mahaifa ta isa ga ɗan tayi, tana bi ta nono ta isa ga jariri, tana maƙalewa a tawul da zanen gado ta shafi wanda bai taɓa buɗe kwalbar ba. Saboda bala'in da zaiba ta jawo a garin Minamata na Japan, wanda aka gano a 1956, ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar taƙaita ta a 2013 suka sa mata sunan garin, kuma Nijeriya na cikin waɗanda suka sa hannu.

Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da kayan hasken fata. Afirka ta Kudu ta kafa dokar hani tun 1990, Kodebuwa ta bi a 2015. A 2023 hukumar NAFDAC da bakinta ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Amma duk mai shiga kasuwa ya san kayan na nan jibge a kan teburi, ga masu haɗi suna dama wannan da wancan a roba, ba suna ba tambari, ana auna wa mutane kamar man gyaɗa. Har abin ya kai ana shafa wa yara ƙanana da jarirai waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wal'iyazu billah! Hukumar da ta iya tara 'yan sanda don tarwatsa taron talakawa, ta kasa tsare ƙofar da guba ke shigowa.

IDAN ƁERA DA SATA…

A nan ne maganar ta dawo kan samari. Ita yarinyar da ke zuba kuɗin adashinta a kwalbar guba, wa take son ta burge? Wane ne idan an tashi nema masa aure, kafin ya tambayi addini ko tarbiyya, sai ya ce shi dai a samo masa fara? Wane ne ke zaune a majalisa yana rabon maki ga 'ya'yan mutane, wannan fara ce tas, waccan kuwa baƙa ce sai dai haƙuri? Wane ne ke yi wa ƙanwarsa ta ciki ɗaya ba'a da launinta tun tana ƙarama har ta girma da tabon a zuci? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai sayar da mai ɗan kasuwa ne, inda ya ga ana nema nan yake kasa kaya. Wanda ya ƙirƙiro neman shi ne babban mai laifi.

Abin takaici, har cikin masu zuwa karatu da masu sahun gaba akwai masu wannan hali. Ɗan'uwa zai ɗaga murya ya la'anci mulkin mallaka da 'yan korensa har muryarsa ta dushe, amma ranar zaɓen uwar 'ya'yansa sai ya zaro ma'aunin da Bature ya bar masa ya auna. Manzon Allah (S) ya yi wa mai neman aure nuni da ma'abuciyar addini, shi kuwa ya bi nunin allon talla da finafinan Indiya. Ba laifi ba ne mutum ya auri farar mace, fari da baƙi duk rinin Ubangiji ne. Laifin shi ne mai da launi sharaɗi da abin alfahari, har 'yar mutane ta ga ba ta da kasuwa sai ta ƙona kanta. Irin wannan matsin ne kuma ke tura wasu ga ƙwayoyin sha-ka-fashe don su yi ƙiba ta dole. Bayan biki da shekara biyar, idan fuska ta yi kala biyu, gwiwa da gaɓoɓin yatsu suka yi baƙi ƙirin, asibiti ya fara cin kuɗi, shi ne dai zai fara ƙorafi yana hangen wata.

Yanzu ma abin ya wuce nan. Samari da kansu sun shiga layi. Za a ga ƙato da gemunsa ya shiga shago a sace yana tambayar mai ɗan goge fuska, wai shi ba bilicin yake ba, gyara ne. Fuska jawur kamar an yaɓa mata manja, kunne da ƙeya kuwa suna nan suna ba da shaida. Wanda bai iya zama lafiya da fatar da Allah Ya lulluɓe shi da ita ba, ta yaya zai iya tsayawa ƙyam a gaban azzalumi?

ƊAYA ƘOFAR: CIKI

Fata shaidar ciki ce. Abin da aka zuba a tukunya shi ke fitowa a fuska. To me matashin yau yake zubawa? Da safe shayi mai sukari cokali biyar da farin burodi. Da rana taliyar leda da lemon kwalba. Da dare a sake taliyar, a kora da abin shan nan na gwangwani mai hana barci, a kwana ana latsa waya. Sannan idan fuska ta yi ƙuraje, jiki ya yi yaushi, sai a tafi neman magani wurin mai kayan shafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Shi kuwa ɗunkulen miya da garin da ke cikin ledar taliya, gishiri ne ya fi yawa a cikinsu, ga kuma wanda za a barbaɗa daban. Kwalbar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukarin da ya haura ƙaramin cokali 10. Ba mai hankalin da zai zauna ya kamfaci sukari cokali 10 ya afa a baki, amma da yake an narkar da shi an sa masa launi da iska da tambari, sai a shanye a nemi ƙari. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a 2022. Ita ta samu kuɗin shiga, shi kuwa talaka ya ci gaba da tara wa kansa ciwon sukari da hawan jini, cututtukan da a da ake ce musu na masu kuɗi da tsofaffi.

Kuma kada a ce laifin na baƙi ne su kaɗai. A zamanin da Dora Akunyili ke shugabancin NAFDAC, daga 2001 zuwa 2008, an yi ta rufe gidajen burodi saboda sinadarin buromet da ake zubawa don burodi ya kumbura. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari irin na fiya-fiya da aka samu a jikinsa. Waken da Bature ya ƙi, cikin wa ya tafi? Ga masu nunar da ayaba da mangwaro da kabayid ɗin masu walda. Da yawa daga masu wannan aiki Musulmi ne, suna jin kiran salla su rufe shago. Sun manta cewa Manzon Allah (S) ya barranta daga mai algus, kuma asalin hadisin ma a kan mai sayar da abinci ne wanda ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe.

Abin dariya abin kuka, kayan da saurayi ke jin kunyar a gan shi da su, su ake lodawa a jirgi. Zoɓon Jigawa Meziko ake kai shi. Garin 'ya'yan kuka, Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a kasuwanninta tun 2008. Zogale ya zama ƙwaya a kwalba a kantunan Amurka. Man kaɗanyar da tsohuwa ke kasawa a faifai, shi manyan kamfanoni ke sawa a man shafawa mai tsada da cakulan, har ta kai a 2025 gwamnati ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya waje. Su sun karɓi kaɗanya sun ba da zaiba, sun karɓi zoɓo sun ba da ruwan sukari. Wace irin musaya ce wannan in ba ta wawa ba?

UZURORIN BANZA

Wani zai ce jikinsa ne, kuɗinsa ne. Ƙarya yake yi, jiki amana ce, kuma yana cikin abubuwan da za a tambayi bawa a kansu ranar tsayuwa, shi da dukiyar da ƙuruciyar baki ɗaya. Wani zai ce ai mace ado take wa mijinta. Ado halal ne, har lada ake samu. Ga lalle, ga kitso, ga turare, ga tsabta. Amma ƙa'idar shari'a sananniya ce cewa ba a cutar da kai ba a cutar da wani, kuma miji ba shi da ikon halatta guba. Wani kuma zai ce nasa haɗin na itatuwa ne zalla. To duk man da zai sauya launin mutum cikin mako biyu, a tuhume shi, don karas da kurkum ba sa wannan aiki. Shi kuwa wanda ke da cutar fata ta gaske, likita ya duba shi ya rubuta masa magani na ƙayyadadden lokaci, wannan neman magani ne, ba ya cikin wannan zargi.

Saura mai cewa talauci ne ya sa shi cin taliyar leda. Gaskiya ne azzaluman shugabanni sun jefa jama'a cikin yunwa, kuma za su amsa tambaya. Amma ɗan'uwa ya zauna ya lissafa kuɗin taliya biyu da ƙwai da lemo, ya gwada da kuɗin ɗanwake ko fura da nono ko kwaɗon zogale da ƙuli, ya ga wanne ya fi arha, wanne kuma ya fi riƙe ciki. Sau da yawa ba aljihu ne ya yi zaɓin ba, son a ce an waye ne.

MAFITA

Addini bai ce a zauna da dauɗa da kaushi ba. Ga alwala sau biyar, ga wankan Juma'a, ga asuwaki, ga turare, ga yanke farce. Magabata ma ba su yi sakaci da lafiyar jiki ba, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan likitanci yana kuma riƙe da daula. Abin da fata ke buƙata kaɗan ne: wanka da sabulu mara ƙarfi ko sabulun salo mai kyau, shafa man kaɗanya tun jiki na da danshi musamman da hunturu don maganin faso da kaushi, wanke tufafi da shanya shimfiɗa, barin aron tawul da reza, shan ruwa isasshe, da barcin dare. Wanda ƙazuwa ko makero ko ƙuraje suka dame shi ya nufi asibiti, ya bar mai haɗi.

A ɓangaren ciki kuwa, a koma wa gero da dawa da acca, wake da gyaɗa da awara, nono da ƙwai da kifi gwargwadon hali. A yawaita ganye, su zogale da rama da alayyafo da kuka da yakuwa. A ci gwanda da gwaiba da mangwaro da lemon zaƙi a lokacinsu. A dawo da daddawa cikin miya a rage ɗunkule. Zoɓo da kunun tsamiya su maye gurbin kwalba, da sharaɗin kada a cika su da sukari a koma gidan jiya. Sannan a riƙe koyarwar Manzo (S) ta raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, a raya azumin Litinin da Alhamis.

Amma babban aikin yana kan harshe da zuciya. Kowane ɗan'uwa ya haramta wa bakinsa yi wa wani ba'a da launi. Ya shiga gida ya gaya wa ƙannensa da matarsa cewa yadda Allah Ya yi su ya yi, ya faɗa da gaske har su yarda. Wanda ya samu nasa sun riga sun faɗa, kada ya tashi da zagi da fasa kwalabe, ya kai su wurin likita a yaye su a hankali, tunda daina sitiroyid farat ɗaya yana da nasa haɗarin. Mai shagon da ke sayar da wannan kaya ya ji tsoron Allah ya sauya jari. Masu neman aure kuma su cire maganar fara daga cikin sharuɗɗansu, domin ranar da samari suka daina tambaya, ranar kasuwar za ta fara watsewa.

Gwagwarmaya tana buƙatar matasa masu ƙarfin jiki da lafiyayyen tunani, waɗanda za su jure tsayuwar dare da tafiyar rana da neman halal. Ba za a same su a layin wankin ƙoda ba. Allah Ya ganar da matasan Musulmi, Ya shiryi masu cutar da bayinSa in masu shiryuwa ne, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya kuma tsare wa al'umma imaninta da lafiyarta. Amin.